Motar yayan maiɗakina ko ta dillali?

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin sakandare ne a garin Gombe, ina zaune a Tumfure da maiɗakina da 'ya'ya huɗu. Tsohuwarmu tana ƙauye a gefen Dukku, kuma hawan jini da ciwon ƙafa sun sa kusan duk wata sai an kawo ta asibiti. Shekara uku ke nan ina tara kuɗin mota, daga adashi da abin da nake samu a noman wake. Yanzu motoci biyu ne a gabana. Yayan maiɗakina yana so ya sayar mini da tasa, Honda Accord ta 2003 wadda ake kira End of Discussion, mai fulogi shida. Ya ce in ba da rabi, sauran in riƙa biya a hankali. Ɗayar kuma Toyota Camry ce ta 2004, Big Daddy, mai fulogi huɗu, tana hannun wani dillali. Ta fi tsada, kuma kuɗi hannu yake so. Maiɗakina ta ƙwallafa rai a kan ta yayanta. Ni kuwa da na shiga motar na ji tana fizga idan za ta canja giya, amma ina jin nauyinsa, bakina ba zai iya cewa a kai ta wurin makaniki ba. Ban san komai game da inji ba. Me zan yi?

Malamin makaranta, Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba tsohuwa lafiya, ya sa albarka a abin da ka tara. Gumin shekara uku ne a hannunka, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Kada ka ba da ko sisi a kan ɗaya daga cikinsu sai makanikin da kai ka zaɓa ya shiga ƙarƙashinta. Idan kuma duka biyun suka fito da lafiya, Camry ɗin ce daidai da aljihunka da hanyar da kake bi. Bari in warware maka dalili, don gobe ka iya yi wa maiɗakinka bayani da bakinka.

Fulogi huɗu da fulogi shida da kake ji, ƙidayar silinda ce, wato ɗakunan da mai ke ƙonewa a cikin inji. Camry ta 2004 mai huɗu tana ɗauke da inji mai girman lita 2.4, wanda Toyota ke kira 2AZ-FE, ƙarfinsa doki 157. Hondar surukinka injinta lita 3.0 ne, silinda shida a jere biyu, ƙarfinsa doki 240. Wannan ƙarfin ne ke sa mutum ya taka ta sau ɗaya ya ji ransa ya biya. Sai dai ka tambayi kanka inda za ka kashe doki 240 tsakanin Tumfure da makaranta, ko a hanyar Dukku da tsohuwa mai ciwon ƙafa a kujerar baya.

Mutane da sun ji fulogi shida sai su ce shan mai, tun ba ma daga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur ba. Gaskiyar magana, a takarda tazarar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. A gwajin da aka yi musu a Amurka suna sababbi, Camry ɗin tana yin kusan kilomita 10 da lita ɗaya a cikin gari, Hondar kuma kusan 9. A doguwar hanya Camry ta haura 13, Honda ta kusa 13. Idan kana yin kilomita dubu a wata a cikin gari, bambancin bai wuce lita goma ko sha ɗaya ba. Kuɗi ne ga mai albashi, amma ba shi ne abin da ya ɗaga mini hankali a wasiƙarka ba. Kuma motar da ta haura shekara ashirin, lafiyar injinta ce ke yanke abin da za ta sha, takarda ba ta da ta cewa.

Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne fizgar nan da ka ji. Kai ka ce ba ka san inji ba, amma jikinka ya gano abin da ya kamata a gano. Giyar otomatik ta Accord mai silinda shida ta 2003 da 2004 sananniya ce da rauni. A 2004 kamfanin Honda da kansa ya kira irin waɗannan motoci aka yi musu gyara, saboda giya ta biyu tana ɗaukar zafi don mai ba ya isarta yadda ya kamata. Bayan wannan, giyar Honda ba ta yarda da kowane mai sai nata, ATF-Z1, ko DW-1 da ya maye gurbinsa. A garejinmu kuwa sau da yawa jan man giya duk ɗaya ake ɗaukarsa, wanda ya zo hannu shi za a ɗura. Motar da ta fara fizga, ko ta yi jinkiri kafin ta ɗauka idan an sa ta a D, ko injin ya yi ƙara ita kuwa ba ta ƙara gudu ba, tana gaya maka ne akwatin giyarta ya fara gajiya. Wani lokaci canjin mai na gaskiya yakan lafar da abin. Wani lokaci kuma sai an sauke akwatin an sa na Beljiyam, kuɗin da zai iya cinye duk rangwamen da aka yi maka har ya nemi ƙari. Giyar Camry ɗin mai hawa huɗu ce, ta Honda mai biyar, amma mai huɗun nan ta yi suna wajen juriya muddin ana ba ta manta, T-IV.

Sai maganar bel. A cikin kowane inji akwai abin da ke daidaita motsin fistin da buɗewar bawul, makanikai suna ce masa tayimin. A Camry mai fulogi huɗu sarƙar ƙarfe ce, tana wanka a cikin baƙin mai, ba a sa mata ranar canji ba. A Honda mai fulogi shida bel ne na roba. Kamfanin ya ce a canja shi bayan mil 105,000 ko shekara bakwai, a inda zafi ke da tsanani kuma tun a mil 60,000, kai kuwa ka san abin da Maris da Afrilu suke yi a Gombe. Ranar da bel ɗin nan ya tsinke mota tana tafiya, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, sai an buɗe kan inji. Ba ya ba da sanarwa.

Ni kaina ya taɓa ni. Shekarun baya na sayi Peugeot 406 a hannun wani ɗan'uwa da nake girmamawa, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, mota mai daɗin zama wadda ba ta jin gargada. Nauyinsa ya hana ni tambayar yaushe aka canja bel, shi ma bai tuna ya faɗa ba. Wata huɗu da saye, muna dawowa daga Bauchi da iyali, mun wuce Alkaleri kaɗan, injin ya ɗauke kamar an hura fitila. A bakin hanya muka yi la'asar da magariba da yara ƙanana. Kuɗin gyara na biya su na manta. Abin da ban manta ba shi ne kusan shekara biyu da muka yi da ɗan'uwan nan muna gaisuwa sama-sama, ni ina ganin ya ɓoye mini, shi yana ganin na zarge shi da abin da bai sani ba. Tambaya ɗaya da na ji kunyar yi a tsakar gidansa ita ce ta jawo duk wannan.

Abu na uku a kan Honda shi ne ƙafa, kuma a nan ne hanyar ƙauyenku ta shigo. Ka sha ganin irin motar nan a gefen titi tayar gaba ta kwanta, mutane suna cewa Honda ta cire ƙafa. Akwai dalili. Ƙafar gabanta mai hannu biyu ce, na sama da na ƙasa, kuma nauyin motar yana bi ta kan boljoyin na ƙasa, wato gaɓar da ke haɗa ɓangaren taya da hannun. Tsarin yana sa ta kama titi da kyau a kwana, shi ya sa masu son gudu ke yabonta. To amma idan robar boljoyin ta yage, yashi ya shiga, ga ramuka, ga na jabu da suka cika kasuwa, rana ɗaya sai ya zare. A Camry nauyin yana kan shokozoba ne, boljoyin ɗinta riƙo kawai yake yi, yakan daɗe yana ƙara kafin ya kai ga ba da kunya. Wanda ke canja na Honda da na ainihi a kan lokaci zai yi shekaru bai ga wannan ba. Amma kai za ka riƙa sauka daga kwalta kana shiga yashi da kwazazzabo duk wata, da mara lafiya a ciki.

Kada ka ɗauka na wanke Camry ɗin dillali. Ban gan ta ba, kuma ita ma tana da inda take ciwo. Gangar injin 2AZ-FE ta alminiyom ce, idan aka bar ta ta tafasa, zaren da ke riƙe kusoshin kan inji yakan sule, musamman na bayan injin, ɓangaren da ke fuskantar direba. Daga nan ruwa zai fara zuba ta baya, gaskit ya ƙone, a canja ya sake ƙonewa, domin ba a gyara zaren ba. Saboda haka tambayar farko a kan kowace Big Daddy ita ce: ta taɓa tafasa? Dillali zai ce a'a. Makanikinka ya haska bayan injin da tocila ya nemi sawun ruwan da ya bushe, ya buɗe murfin baƙin mai ya ga ko akwai kumfa mai kamar madara, ya buɗe lagireto tun injin yana sanyi ya ga abin da ke ciki. Idan jan ruwa ne ko ruwan hoda na kamfani, mai ita ya san darajarta. Idan ruwan rijiya ne mai tsatsa, ka rage kuɗi ko ka rage sha'awa.

Ya kuma duba ko an cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har inji ya ɗumama, an haɗa fanka kai tsaye. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a wurinmu, ana cewa wai na ƙasar sanyi ne. Tamostat ɗin Camry sai ruwa ya kai wajen digiri 82 yake buɗewa, don a wannan zafin ne injin ke ƙona mai daidai. Idan aka cire shi, kwamfutar motar za ta ɗauka har yanzu injin bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa mai. Sau da yawa ma an cire shi ne don a rufe wata cuta, lagireto da ya toshe ko gaskit da ya fara tafiya. Haka baƙin mai: a kan murfin an rubuta 5W-30 a Camry, 5W-20 a Honda, kuma Camry lita 3.8 take ɗauka har da filta. Ka tambayi wane iri ake zuba mata.

Ranar da za ku je, ku yi sammako ku same ta ba a tayar ba. Ka ɗora hannu a kan bonet, in da ɗumi ka ce za ku dawo gobe, domin inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya: ƙarar sarƙa, shuɗin hayaƙi a salansa, rawar jiki. Idan ka murɗa makulli kafin ka tayar, fitilun dashbod su kama duka, har da ta inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an rufe ta. A samu mai na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ya karanta abin da kwamfutar ta ajiye, akwai su a Gombe, kuɗinsu kaɗan ne. A leƙa a ga ko tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, tana nan ko an fafe ta an sayar. Sannan ku hau hanyar Bauchi ko ta Kumo ku yi tafiya mai ɗan nisa da esi a kunne, ka sa ido a kan allurar zafi, ka saurari giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya. Zagayen cikin unguwa ba ya nuna komai.

Kada malejin ya ruɗe ka. Motocin da suka fito daga Amurka da mil suke ƙidaya, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kuma mayar da lambar baya ba wuya ba ne ga masu yi. Ka fi gaskata sulɓin robar birki da sitiyari da kujerar direba. Lambar shasi kuwa ba ta ƙarya in ba a taɓa ta ba. Haruffa da lambobi 17 ne, za ka gan su ta gilashin gaba a ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Na goma shi ne shekara: 3 na nufin 2003, 4 na nufin 2004. Idan ta fara da 4T1, Camry ce da aka ƙera a Kentaki ta Amurka, in da JT ta fara, 'yar Japan ce. Dole lambar nan ta yi daidai da ta takardar kwastan da ta mallaka, harafi da harafi. Motar da takardun diyutinta ba su cika ba, ko kyauta ce wahala ce. A gefen kowace taya ma akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar Camry irin wannan galibi 205/65 R15 ce, ana samunta ko'ina, amma in huɗun duk sun tsufa, ka sa kuɗinsu a cikin ciniki.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Ku shida ne a gida, da tsohuwa bakwai, motocin nan kuwa kowace kujera biyar gare ta. Kayan da aka yarda su ɗauka, mutane da komai da komai, wajen kilo 400 ne, an rubuta a jikin ƙofar direba. Manya huɗu da buhun wake biyu a but sun riga sun wuce iyaka. But ɗin Camry yana da faɗi, tankinta lita 70 ne, na Honda 65, amma faɗin but ba izinin lodi ba ne. Ranar asibiti kai da tsohuwa da mai riƙe ta kun isa. Wake kuma a ba motar kasuwa. Mai son kwashe gida duka a tafiya ɗaya babbar mota irin Sienna yake nema, ita kuwa wani aljihun take so.

Yanzu mu koma kan surukinka, don na san a nan ne barcinka ke yankewa. Ban ga alamar mugunta a tayinsa ba. Mutumin da ya ce ka ba da rabi ka biya saura a hankali yana son ƙanwarsa ta huta da hawa Keke Napep ne da yara. Mai yiwuwa ya saba da fizgar har ya daina jin ta, kamar yadda mai gida ke daina jin ƙarar ƙofarsa. Amma ka hango wata shida nan gaba. Giya ta zube, mota tana kan duwatsu a gareji, kai kuma ƙarshen wata ya yi za ka kai masa kason bashi na abin da ba ka hawa. Maiɗakinka tana tsakiya, ba ta iya kallon yayanta ba ta iya kallonka. Da dillali kuka yi haka, kun rabu a bakin titi. Suruki kuwa za ku haɗu a suna da biki da gaisuwar Sallah har ƙarshen rayuwa.

Neman a duba mota ba zargi ba ne, kuma addini ma yana bayanka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa musu albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye a shafe ta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka fara da maiɗakinka, ku biyu, bayan yara sun kwanta. Kada ka ce motar yayanta ba ta da kyau. Ka ce mata kana tsoron abin da zai shiga tsakaninku da Yaya ne idan ta lalace da bashi a kanka, kuma ka nuna mata lissafin: bel, man giya, boljoyin, fulogi shida da koyil shida a maimakon huɗu. Mata sun fi mu gane lissafin gida idan aka buɗe musu shi. Sannan ka je wurinsa da ƙafarka, kada ka aika, kada ka yi ta waya. Ka yi godiya sosai, ka ce: Yaya, ka san ni ban san mota ba, kuma Inna zan riƙa ɗauka a hanyar daji, ina neman alfarma mu kai ta wurin mai duba mini, duk abin da ya gani mu ji tare, don kada gobe in zo ina damunka. Ka ɗora rashin sanin a kanka, ka bar masa girmansa. Idan nauyin ya fi ƙarfinka, ka tafi da wani babba da yake jin maganarsa.

Idan ya amince, makaniki ya ce giyar lafiya take, man kawai take so, aka kuma cire kuɗin sabon bel da famfon ruwa da boljoyin na ainihi daga farashin, to ba haramun ba ce, kana iya ɗauka, ku rubuta saura da ranakun biya a gaban shaidu biyu. Idan makaniki ya girgiza kai, ka samu mafita mai mutunci, domin ba kai ka faɗa ba. Idan kuma ya nuna ɓacin rai don ka nemi a duba, ka ba shi haƙuri, ka ce ka auna ka ga ƙarfinka bai kai riƙon mai fulogi shida ba. Ba ƙarya ka yi ba. Fushin zai huce kafin Sallah.

Game da Camry, kada ka zazzage duk abin da ka tara a hannun dillali. Ka bar wani abu a gefe, ko da kashi ɗaya cikin goma ne, domin makon farko sai ka juye baƙin mai da man giya da ruwan lagireto, ka mayar da tamostat in babu, ka yi canjin suna, ka sabunta takardu da inshora. Idan kuɗin ba za su kai haka ba, ka ƙara haƙuri zuwa kakar wake mai zuwa, Big Daddy ba ta ƙare a kasuwa ba. La'adar dillali kuma ku yanke ta tun kafin a fara taya mota, ka biya ta banki don ya zama akwai shaida, kuma makanikin da zai duba kada ya kasance wanda dillalin ya nuna maka.